Waiwaye: tun yaushe ƙauyukan arewacin Ontariyo ke neman a ji ta bakinsu kan wutar lantarki?

Duk sanda maganar haƙar ma'adinai a yankin Ring of Fire ta taso a lardin Ontariyo na Kanada, maganar wuta tana biye da ita. Garuruwan 'yan asalin ƙasa irin su Webequie, Neskantaga, Nibinamik, Eabametoong da Marten Falls har gobe da janareta suke kwana suke tashi. Abin da mutanensu ke son sani shi ne don wa za a ja layin wutar, don mahaƙa ko don gidaje, kuma yaushe za a tuntuɓe su, kafin a zana taswira ko bayan an gama. Mai ji daga nesa zai ɗauka jiya aka fara wannan ƙorafi, alhali ya daɗe ƙwarai.

Farkon labarin sananne ne. An ƙulla Yarjejeniya ta 9, wato yarjejeniyar ƙasa tsakanin gwamnati da mutanen Cree da Ojibwe, 'yan asalin yankin, a 1905. Daga baya aka gina madatsun ruwa a kogunan Abitibi da Mattagami, wutar ta nufi birane da masana'antu, ƙauyukan da ke can ƙurya kuwa aka kai musu injinan dizal. Kundin tsarin mulki na 1982 ya amince da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasa, sannan a 2004, a shari'ar al'ummar Haida, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne hukuma ta tuntuɓe su kafin ta yanke abin da zai shafi haƙƙinsu. Masu sharhi da yawa daga nan suke fara ƙirga.

Kafin in faɗi inda ni nake farawa, a dubi yadda zaman yake. Waɗannan garuruwa ba su da titin da ke aiki duk shekara. Man da za a ƙona na shekara guda, tankoki ne ke shigo da shi cikin 'yan makonnin tsakiyar hunturu, suna tafiya a hankali bisa tafkuna da fadamun da suka daskare. In ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, sai a ɗauko man a jirgin sama, kuɗin ya tashi. Wanda ya taɓa riƙe shago da janareta ya san ɗanɗanon abin, to a nan gari guda ne, da makarantarsa da asibitinsa da injin tace ruwansa. Mafi ciwo shi ne ranar da injin ya kai iyakar ƙarfinsa. Daga ranar ba a ƙara jona wa kowa. A Pikangikum, wani gari mai nisa a arewa maso yammacin lardin, an shafe shekaru a haka: ga fili, ga buƙatar gida, amma ba wutar da za a ba sabon gini, sai iyalai su ci gaba da cunkusuwa a tsohon gida ɗaya.

Inda al'amarin ya juya, a ganina, shi ne 1997, shekaru bakwai kafin hukuncin kotun nan, a gaɓar yamma ta mashigin James Bay. Al'ummu biyar na Cree, wato Attawapiskat, Kashechewan, Fort Albany, Moose Cree da Taykwa Tagamou, suka kafa kamfanin kansu mai suna Five Nations Energy, wanda ba na neman riba ba ne. Suka ƙudurta jan babban layi mai tsawon kusan kilomita 270 daga Moosonee, inda wutar lardi ta tsaya, zuwa arewa. Ƙasar wurin dausayi ce mai tsotse duk abin da aka ɗora mata, don haka aikin kafa turaku sai an jira sanyi ya ƙanƙare ta. Su suka nemo kuɗin, su suka nemi lasisi, kuma kowane ɗaya daga garuruwa ukun da layin zai kai ya kafa ɗan kamfaninsa na rarraba wuta da karɓar kuɗinta. Fort Albany da Kashechewan suka samu wuta a 2001, Attawapiskat a 2003.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne lissafin da ya canja. Muddin daga nesa ake tsarawa, ana auna kuɗin man bana ne da kuɗin gina layi, kuma a wannan ma'auni layi kullum shi ke faɗuwa. Mai zaune a garin kuwa yana saka abin da takarda ba ta gani: gidajen da ba a gina ba, man da ya zube ya gurɓata ƙasa, yaran da za su girma su nemi nasu muhalli nan da shekara 20. A taron jin ra'ayi ana iya sauraron wannan duka, a rubuta, a ajiye. Da mutanen suka zama masu layin, lissafinsu ne ya zama na aiki. Kuma da mahaƙar lu'ulu'u ta Victor ta buɗe yamma da Attawapiskat a 2008, ta tarar da layin jama'a a tsaye, sai aka ƙara masa ƙarfi, aka kuma ja masa reshe zuwa mahaƙar don ya ɗauke ta. An rufe mahaƙar a 2019, layin yana nan yana aiki.

Babban aikin layin wuta da kowa ke yabawa yanzu a arewa maso yammacin lardin, Wataynikaneyap, kan wannan sawu ya taka. Tsarin makamashi na dogon zango da lardin ya fitar a 2013 ya sa haɗa garuruwa masu nisa cikin abubuwan da za a fifita, gwamnatin tarayya ta sanar da dalar Kanada biliyan 1.6 a 2018, kuma a Disamban wannan shekara wuta ta isa Pikangikum. Layin ya kai kusan kilomita 1,800, an tsara shi don garuruwa 17, al'ummu 24 ne ke da kashi 51 cikin 100 nasa, an kuma kammala gininsa a 2024. Dattawa ne suka raɗa masa suna, ma'anarsa layin da ke kawo haske. Cikin sharuɗɗan da shugabannin suka gindaya tun farko har da hana fesa maganin kashe ciyawa a ƙarƙashin wayoyin, saboda a nan ake farauta, a nan ake tsinkar 'ya'yan itace da saiwoyin magani.

Waɗanda layin bai kai gare su ba suna nan suna jira. Fort Severn, a bakin Hudson Bay, ta kafa farantan hasken rana don rage shan mai. Garuruwan da ke kewaye da Ring of Fire kuwa har yanzu idonsu na kan kaurin ƙanƙara, kuma a Fabrairun 2024, da hunturu ya zo da ɗumi, sai da shugabannin yankin suka ayyana halin ko-ta-kwana saboda hanyoyin da tankokin mai ke bi ba su daskare yadda ya kamata ba.