Gyaran Ƙotar Tsohuwar Bindigar Soja

Ƙotar bindiga ita ce katakon da ƙarafan bindiga suke zaune a ciki, tun daga gindin da ake jinginawa a kafaɗa har zuwa inda hannu yake tallafe bututu. Gyaranta ya zama sana'a sosai bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da rundunoni suka koma ga sababbin makamai, suka yi gwanjon tsofaffin. Ta haka bindigogi irin su Mauser 98 ta Jamus, Lee-Enfield ta Ingila, Mosin-Nagant ta Rasha da Springfield M1903 ta Amurka suka shiga hannun mafarauta, musamman a Amurka da Kanada, da arahar da sabuwar bindigar farauta ba ta kusanto ba.

An ƙera ƙotar soja ne domin ta jure wahala. Katakonta yakan kai kusan bakin bindiga, an ɗaure shi da zobban ƙarfe, ga wurin maƙala wuƙa. Mafarauci kuwa mara nauyi yake so, wadda ta dace da jikinsa. Shi ya sa ake yanke gaban ƙotar, a cire katakon sama, a sa roba a gindi domin rage shurin bindiga. Idan an ɗora madubin hange, sai a ƙara tudun inda kunci yake kwanciya, don ido ya zo daidai da madubin. Tazarar kunama zuwa gindi ma ana daidaita ta. A yawancin bindigogi inci 13 ne ko da ɗan ɗoriya. Sojojin Ingila sun san wannan matsala tuntuni, har suna da gindin Lee-Enfield mai tsawo daban-daban, gajere, matsakaici da dogo.

Kafin a kai ko'ina sai an yi fama da giris. An daɗe ana ajiye waɗannan bindigogi cikin wani maiko mai kauri, Cosmoline, wanda yake ratsa katako. Idan aka ɗumama ƙotar a hankali, sai a ga man yana tsattsafowa baƙi-baƙi, a goge, a sake ɗumamawa. Katakon da ya sha mai ba ya kama gam, kuma yana laushi a daidai wuraren da ake buƙatar ƙarfinsa.

Ainihin aikin yana ciki, inda ba a gani. A ƙarƙashin ƙarfen Mauser akwai wani ɗan tudu da yake tokare katako, shi yake miƙa wa ƙota ƙarfin shuri duk lokacin da aka harba. Idan wurin ya goge ko katako ya motse, ƙarfe zai riƙa wasa, harsashi ya riƙa watsuwa, wani lokaci ƙotar ta tsage daga baya. Tsohuwar dabara ita ce a shafa wa ƙarfe baƙin hayaƙin fitila, a zaunar da shi, a ɗaga, a kankare duk inda baƙin ya taɓa, a yi ta maimaitawa har ya zauna daram. Yanzu an fi zuba gam ɗin efoksi a kwaroron, a danna ƙarfen ya bar siffarsa a ciki. Wanda ya manta bai shafa wa ƙarfen kakin hana mannewa ba, to ya haɗa su ke nan. Wasu kuma sukan rarake katako ta yadda ba zai taɓa bututu ba, su gwada da zura takarda a tsakani. Sai dai ba kowace bindiga ke son haka ba: Lee-Enfield No. 4 an tsara ta ne gaban ƙota ya ɗan tokare bututu daga ƙasa. Yayarta No. 1 Mk III tana da nata tarkon, domin wanda ya kwance notin gindi kafin ya cire katakon gaba yana iya tsaga shi.

Daga nan sai samfefa da shafe. Man linsid, wani mai da ake matsewa daga 'ya'yan tsiro, aka fi amfani da shi, ana murza shi da tafin hannu kaɗan-kaɗan.

Doka tana da ta cewa. A Amurka, bindigar kafaɗa irin waɗannan da tsawonta gaba ɗaya ya gaza inci 26, ko bututunta ya gaza inci 16, tana shiga rukunin da ake wa rajista ta musamman, kuma kowace ƙasa da nata tsarin.

Ra'ayi ma ya juya. Abin da ake ɗauka gyara a shekarun 1950, masu tara kayan tarihi a yau ɓarna suke kiransa, kuma suna da hujja. Ƙotar asali tana ɗauke da tambarin masana'anta da na masu duba makamai, wani lokaci har da lambar da ta yi daidai da ta ƙarfen, kuma samfefa na share su cikin ɗan lokaci. Bindigar da aka yanke takan rasa mafi yawan darajarta a kasuwa. Saboda haka masu gyara da dama sukan cire ƙotar asali su adana, su sayi wata ta katako ko ta roba su yi aikinsu a kanta, wasu kuma sun koma neman tsofaffin katakai domin mayar da yankakkun bindigogi kamanninsu na soja.