Wa ya bijire wa magani, matar ko ƙwayar cutar?

Tun watan Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje aka shiga fargabar yankewar maganin cuta mai karya garkuwar jiki (HIV), kalmar "bijire wa magani" ta fito daga ɗakin likita ta shiga bakin kowa. Masu shirin lafiya a rediyo na faɗinta, 'yan siyasa na faɗinta a wajen taro, har a majalisar bakin titi ana jin ta. Fargabar tana da tushe, domin shirin PEPFAR, wanda Amurka ta kafa a 2003 don yaƙi da cutar, shi ke ɗauke da kaso mai tsoka na kuɗin maganin nan a Najeriya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake amfani da kalmar a nan Sakkwato. Sai ka ji mai gabatar da shiri ya ce mata masu zaman kansu "sun bijire wa magani". Wani kuma ya gyara masa, ya ce ai jikinsu ne ya saba da shi. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma yana iya kai mutum kabari.

Ƙwayar cutar ce ke bijirewa. HIV tana hayayyafa da saurin da ya wuce hankali: a jikin wanda ba ya shan magani, biliyoyin sabbin ƙwayoyi ake samu kowace rana. Kuma ba ta da tsanaki wajen kwafar kanta, tana yi tana kuskure, shi ya sa 'ya'yan ba sa fitowa iri ɗaya sak. Galibin kurakuran ba su amfane ta da komai ba. Amma jefi-jefi akan sami wadda kuskurenta ya sa wani magani ba ya kama ta. Idan maganin ya cika a jini, hayayyafar ta tsaya cak, babu damar yin kuskuren ma. Idan kuwa akwai shi amma bai isa ba, sai ya danne masu rauni ya bar wa mai taurin kan fili ta yi ta haihuwa. Manomin albasa a fadamar Wurno ya san wannan: ya tsinka maganin feshi da ruwa don ya kai ƙarshen gona, tsutsar da ta tsira ita ce za ta haifi ta baɗi, kuma wannan feshin ba zai ƙara yi mata komai ba.

Abin da ya faru ke nan da AZT, maganin farko da aka amince da shi a 1987. Shi kaɗai ake bayarwa, cikin watanni ƙwayar kan gagare shi. Sai a 1996 aka koma haɗa magunguna uku lokaci guda, saboda da wuya ƙwaya ɗaya ta dace da kuskuren da zai kuɓutar da ita daga ukun gaba ɗaya.

To, mene ne laifin cewa jiki ya saba? Bahaushe ya san abin da ake yi wa maganin da jiki ya saba da shi: a ba shi hutu, ko a ƙara yawa, ko a canza da wani. Haka ake yi da maganin ciwon kai, haka masu shan Tramadol ke yi har su halaka. Matar da ta ji a rediyo cewa jiki na sabawa za ta ce, "Wanga magani ya daɗe cikin jikina, bari in huta mishi wata guda." Wannan hutun, da komawa, da sake hutawa, shi ne ainihin abin da ke haifar da bijirewar. Mutum na iya shekara ashirin a kan magani ɗaya yana yi masa aiki kamar ranar farko, muddin bai bar ƙwayar ta farfaɗo ba.

Akwai wani cakuɗin kuma. An ɗebi abu uku an zuba a kwano ɗaya: tsallake shan magani, hauhawar ƙwayar cuta a jini, da bijirewa. A asibiti ana auna yawan ƙwayar a jini. Idan ta haura 1,000 a kowace mililita, ma'aikacin lafiya ba ya cewa an bijire. Zama yake yi da mara lafiya a binciki abin da ke hana shan magani a kan kari, a sake gwaji bayan kamar wata uku. Da yawa adadinsu kan sauko ba tare da an canza musu ko ƙwaya ɗaya ba, wato dama maganin na aiki, shan sa ne ba a yi. Tabbatar da bijirewa sai da wani gwaji na daban da ke karanta halittar ƙwayar, mai tsada, wanda ba kowane asibiti ke yin sa ba. Saboda haka wanda ya hau mumbarin siyasa ya ce mata kaza sun bijire, a tambaye shi wane gwaji ya gani.

Ita kanta kalmar tana da kaya a kanta. Wa muka saba cewa ya bijire? Ɗan da ya ƙi jin maganar iyaye, matar da ta ƙi bin miji, talakan da ya juya wa sarki baya. Kalma ce ta laifi. Da aka ɗora ta a kan karuwa sai ta zauna daram, don dama a idon jama'a mai bijirewa ce: ta bijire wa aure, ta bijire wa gida, yanzu ga shi ta bijire wa magani. Mai sauraro ba ya jin bayanin likita a ciki, hukunci yake ji. Alhali muna da maganar da ta fi dacewa tun da daɗewa. Lokacin da Najeriya ta ajiye kulorokwin a 2005, cewa muka yi zazzaɓin cizon sauro ya daina jin magani. Babu wanda ya zargi mai zazzaɓi.

Ba na musun cewa matsalar ta fi kusa da matan nan. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, jihar Sakkwato kuma ba ta kai ko kashi ɗaya ba. Amma binciken da aka yi a 2020 a wasu jihohi ya samu kusan kashi 15 cikin 100 a tsakanin mata masu zaman kansu. Tambayar ita ce me ke yanke musu magani.

A ɗauki mace guda, ba sai an sa mata suna ba. Katinta yana Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma abincinta ba a wuri ɗaya yake ba. Kasuwa ta ja ta Illela, daga can ta tsallaka Birnin Ƙonni, ta yi niyyar mako biyu ta yi wata biyu. Wadda rufe iyakar Nijar a 2023 ya rutsa da ita a tsallake, wa ya san yadda ta yi? Robar maganin kanta abin ɓoyewa ce: a gidan magajiya ɗaki ɗaya mutum uku, ranar da wata ta gane robar, labari ya kai kunnen masu zuwa, ciniki ya mutu. Sai ta juye ƙwayoyin a ƙullin leda, ko ta bar su wurin wata ƙawa a wata unguwa, ta sha idan ta samu zuwa. Aikinta na dare ne, lokacin shan magani ya zo tana tare da baƙo. Aka kai samame aka kwashe su, kwana biyar a tsare, magani na ƙarƙashin katifa. Aka sake ta da sharaɗin ta bar gari, ta koma inda babu wanda ya san tana karɓa, kunya da tsoro suka hana ta neman takardar canjin asibiti. Sai abin da ya fi ba ni tausayi, domin alheri ne ke jawo shi: maganin ƙawarta ya yanke, ita tana da saura, suka raba, kowa na sha yau ta tsallake gobe. A duk wannan jerin ban ga inda ta ce ba ta son lafiya ba.

Masu kiran a kori matan nan daga gari suna ganin sun tsabtace unguwa. Ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ba, korar da ba ta tanadi yadda magani zai bi mace ba, masana'antar ƙwaya mai taurin kai ce. Ita kuma ƙwayar ba ta zama a gidan magajiya. Direban da ya kwana can, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikaci mai babbar riga, shi zai kai ta gida. Uwargidan da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba sai ta kamu da ƙwayar da tun farko ba ta jin wani magani, ba ta taɓa shan ko guda ba balle a ce jikinta ya saba. Jaririn da ta haifa ma haka. Akasin wannan shi ne abin da ba a cika faɗa a rediyo ba: wadda ke shan magani har adadin ƙwayar ya sauka ƙasa da 200 ya zauna a can, ba ta yaɗa cutar ta hanyar saduwa.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ake kira TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a 2019 saboda tsofaffin magungunan, efavirenz da nevirapine, canji ɗaya tak a halittar ƙwayar ya isa ya kashe musu aiki, kuma a ƙasashe da dama fiye da mutum ɗaya cikin goma na masu fara magani sun riga sun zo da irin wannan ƙwayar. Dolutegravir ya fi wuyar gagara nesa ba kusa ba. Sai dai rahoton hukumar na 2024 ya nuna an fara ganin masu gagararsa, musamman cikin waɗanda suka daɗe suna shan magani ƙwayar ba ta kwanta ba. Idan ya faɗi, akwai layi na biyu, wato wani haɗin da ake komawa gare shi, amma ƙwayoyin maganin sun fi yawa, sun fi tsada, sun fi wahalar da ciki.

Wani lokacin ma mace ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, amma maganin bai isa jininta ba. Maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki da ake saye a kemis, suna riƙe dolutegravir a hanji idan aka haɗiye su tare, shi ya sa ake raba musu lokaci. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuma ana ƙara mata dolutegravir ya zama sau biyu a rana. Duk wadda za ta yi tafiya tana iya neman a ba ta na wata uku ko shida idan adadinta ya kwanta, tsarin ya yarda da haka. Azumi ma ba ya hana shi, tunda sau ɗaya ne a rana: a faɗa wa ma'aikacin lafiya ya mayar da lokacin bayan buɗa-baki.