Babur ya ƙi tashi: fulogi ne, ko wuta ce ta ɗauke?

Ta yaya zan gane matsalar wuta ce, ba ta mai ba?

Kwance fulogin, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, sannan ka buga kik. Idan ka ga tartsatsi shuɗi yana ƙara tas-tas, wuta lafiya lau, sai ka koma wajen kabreta. Idan ja-ja ne mai rauni, ko babu gaba ɗaya, to nan matsalar take. Roba za ka riƙe, kuma ka nisanta fulogin daga raminsa saboda tururin fetur.

Babu tartsatsi. Fulogin ne ya mutu?

Sau da yawa shi ne, musamman idan bakinsa ya yi baƙi ƙirin ko ya jiƙe da mai. Gwada wani, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7 a yawancin ƙananan babura. Idan shiru, cire hular, ka kusantar da tsurar wayar ga inji ka sake bugawa. Wuta ta fito? Hular ce ta lalace.

To in sayi sabon CDI, ɗan akwatin nan da ke sarrafa wutar fulogi?

Dakata tukuna. A nan ake yi wa masu babur asarar kuɗi, kuma abin yana ɓata mini rai. A babura masu tsarin wayoyin Honda waɗanda CDI ɗinsu ke shan wuta daga magneto, wato ɗan janaretan da ke cikin inji, waya baƙa mai ratsin fari ce ke kashe inji, ta hanyar haɗa wutar da jikin babur. Idan ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ruwan damina ya shiga makulli, wuta ba za ta taɓa zuwa ba ko da CDI sabo ne dal. Zare ta daga CDI ka buga kik. Bayan ita, duba wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, ko tsatsa ta ci wajen da aka ɗaure ta. Sai kwil, wanda ke ƙara ƙarfin wutar kafin ta isa fulogi, sai magneto. CDI a ƙarshe, shi ma aro za ka yi ka gwada kafin ka saya.

Batir fa?

Idan CDI ɗinka daga magneto yake shan wuta, babur na tashi da kik ko batir ya mutu. Mai sha daga batir kuwa, duba fiyus.

Yana tashi da safe, amma ya mutu idan ya ɗau zafi. Me ya sa?

Yawanci kwil ne ya fara gajiya. Gwada tartsatsin nan take yana da zafi, don idan ya huce zai ɓoye laifinsa.

Tsofaffin babura fa, irin Honda CG125 na farko, masu poyin a maimakon CDI, wato ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa don sakin wuta?

Goge bakin poyin da samfefa mai laushi, ka daidaita buɗewarsa milimita 0.3 zuwa 0.4. Idan yana yawan ƙonewa, canza kwandansa, ɗan ƙaramin na'urar da ke hana tartsatsi ƙona bakin poyin.