Sabar da Kifin Ado da Jatan Lande da Sabon Ruwa Bayan Doguwar Tafiya

Sabarwa, a wajen masu kiwon kifin ado, ita ce hanyar da ake bi a fitar da kifi ko jatan lande daga ledar da aka aiko shi a ciki, a mai da shi ruwan akwatin gilashin da zai zauna, ba tare da bambancin ruwan biyu ya kashe shi ba. Aiki ne na minti 20 zuwa awa biyu. Sau da yawa a cikin wannan ɗan lokaci ake rasa dabbar da ta jure kwana biyu a hanya.

A Zinder al'amarin ya fi nauyi, domin garin yana nesa da inda ake hayayyafa waɗannan halittu. Mai sha'awa yakan ga hoto a WhatsApp ko Facebook, ya tura kuɗi, a ɗora masa kwali a mota. Daga Kano kimanin kilomita 240 ne, ga kuma tsayawar iyaka da duwan. Daga Yamai kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda cur. Kifin da ya taso daga Legas kuwa ya riga ya galabaita kafin ma ya kai Kano.

Ire-iren da ake aikowa

Kowane irin yana da ruwan da ya tashi a ciki. Gupi, Poecilia reticulata, ɗan arewacin Kudancin Amurka ne, ya ɗauki sunan Robert Guppy wanda ya aika da samfurinsa Landan daga Tirinidad a 1866, kuma yana da jure wahala. Kifin zinariya daga Sin yake, ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, ga yawan kashi. Beta ɗan Tailan ne, yana da wata gaɓa da yake shaƙar iskar sarari da ita kamar yadda tarwada ke yi, shi ya sa ake iya aiko shi cikin ruwan da bai cika kofi ba.

A ɓangaren jatan lande, wanda ya fi yaɗuwa shi ne ja, Neocaridina davidi, da aka hayayyafa launinsa a Taiwan. Tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, yana rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu, yana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 28. Akwai Caridina multidentata mai cin gansakuka, wanda ɗan Japan Takashi Amano ya sa duniya ta san shi. Akwai kuma ƴan Caridina masu ratsin ja da fari, masu son ruwa mai sanyi da ɗan tsami da ƙarancin gishirin ƙasa, wato ma'adinan da ke narke a ruwa. Waɗannan na ƙarshe ba na Damagaram ba ne, sai ga wanda ke da ɗaki mai na'urar sanyaya iska da kuran mara yankewa.

Abin da ke faruwa cikin leda

Mai aikowa da ya san aikinsa yakan hana kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, don cikinsa ya zama wayam. Sai ya zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na leda, ya cika sauran da iskar oksijin, ya ɗaure da roba, ya ninka leda biyu, ya jera su cikin akwatin farin soso. Jatan lande ana jefa masa ɗan guntun raga ko ganyen ruwa ya maƙale, don kada girgizar mota ta yi ta buga shi da bangon leda.

Daga lokacin da aka ɗaure bakin ledar, abubuwa uku ke tafiya tare. Oksijin yana raguwa. Iskar kabon da kifi ke fitarwa tana taruwa ta narke a ruwa, ruwan ya yi tsami, wato ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ya sauka. Amoniya kuma, sinadarin dattin jiki da kifi ke fitarwa ta gaɓoɓin numfashinsa na gefen kai, tana ƙaruwa awa bayan awa.

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan tsamin ne ke ceton kifin. Amoniya siffa biyu take da ita a cikin ruwa, ɗaya mai dafi da ke ratsa jikin kifi, ɗaya mai sauƙin illa. Tsami yana tura ta zuwa mai sauƙin. A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, abin da ke cikin siffa mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8, ya haura kashi 5, wato kusan ninki goma. Idan zafin ya kai digiri 30 a wannan pH ɗin, ya wuce kashi 7. To muddin leda tana ɗaure, iskar kabon tana danne da dafin. Da an kwance ta, iskar ta fara ficewa, pH ya fara hawa, amoniyar da ta taru a hanya ta fara cizo. Wannan ne ya sa mutum zai ga kifi yana iyo lafiya cikin leda, ya buɗe don ya tausaya masa ya sha iska, bayan rabin awa ya tarar da shi yana haki a saman ruwa.

Zafi yana ƙara dagula lissafin. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 35 kuwa kimanin 7, alhali kifi ya fi buƙatar iska idan jikinsa ya ɗumama. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Zinder yana kaiwa digiri 40 har ya wuce. Kwalin da ya yi awa shida a but ɗin mota, ko ya yi zaman jira a rana cikin tasha, idan aka sa hannu a ledarsa ɗumin da za a ji kamar na shayin da ya fara hucewa ne. Irin wannan babu sabarwar da za ta gyara shi.

Hanyoyi biyu, da yadda ake zaɓa

Matakin farko ɗaya ne ga kowa. A buɗe kwali a inuwa ko cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a kashe fitilar akwatin gilashi, a ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 har zafinsu ya daidaita. Idan ledar ta fi akwatin zafi sosai, a bar ta tukuna a ɗaki ta huce da kanta. Ba a sa mata ƙanƙara. Leda iri ɗaya ce ba a ɗorawa a ruwa: mai numfashi, irin ta kamfanin Kordon, wadda ake cikawa taf da ruwa babu sararin iska. Ita ta bangonta take shaƙar oksijin, idan ruwa ya kewaye ta abin da ke ciki zai shaƙe. Ana ajiye ta a kan tsumma kusa da akwatin har ta ɗauki zafin ɗakin.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce ta gaggawa: a yanke leda, a juye ta kan ƴar raga a bisa bokiti, a ɗauki kifin a sa shi cikin akwati nan take. Ita ta dace da kifin da ya kwana ɗaya ko fiye a hanya, da duk ledar da ruwanta ya yi duhu, ko yake wari, ko aka samu mushe a ciki. 

Ta biyu ita ce ta ɗigo. Ana juye dabbar da ruwanta cikin ƙaramar roba, a ajiye ta ƙasa da akwatin, a zuƙo ruwan akwatin ta siririn tiyo, a ƙulla tiyon har ruwan ya koma ɗis-ɗis, ɗigo ɗaya zuwa uku a daƙiƙa. Sabuwar robar ƙarin ruwa ta asibiti, wadda ake samu a kantin magani, ta fi kowane tiyo daɗin wannan aiki, don tana da ɗan maƙulli da ake murzawa a daidaita gudun ɗigon. Wanda bai samu ba ya riƙa zuba kofin shayi ɗaya duk bayan minti biyar. Idan ruwan robar ya ninka uku, cikin awa ɗaya zuwa biyu, sai a kwashe dabbar da raga. Wannan ta dace da gajeriyar tafiya, da ledar da ruwanta ya iso garau.

Masu kiwo sun daɗe suna jayayya kan wacce ta fi. Gaskiyar ita ce tsawon tafiya da yanayin ruwan leda ne ke yanke hukunci, kuma ga yawancin kifin da ke isowa Zinder daga nesa, ta gaggawa ta fi tsira da rai. Abin da babu jayayya a kansa: ruwan leda ba ya shiga akwati, kuma ba a ba da abinci a ranar farko.

Jatan lande daban ne

Jatan lande ɗan ƙarami ne, dattin da yake fitarwa kaɗan ne, don haka amoniya ba ta cika taruwa a ledarsa ba. Abin da ke kayar da shi shi ne sauyin gishirin ƙasa da ke narke a ruwa. Idan ya faɗa kwatsam cikin ruwan da ya bambanta da nasa, jikinsa ya sha ruwa ko ya tsotse, ya shiga saɓa ba shiri. Kamar maciji yake, sai ya tuɓe tsohon ɓawo kafin ya girma, kuma sabon ɓawon yana buƙatar kalsiyam. Wanda saɓarsa ta maƙale za a ga farin zobe ya kewaye jikinsa a bayan kai, ya kwanta gefe yana shure-shure, kuma da wuya ya tashi. Saboda haka shi ɗigo ake yi masa, a hankali, ko da ya kai awa biyu.

Yakan iso fari fat kamar an wanke masa launi. Wannan tsoro ne kawai, jan zai dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Washegari kuma idan aka ga wani abu a ƙasan akwati mai siffar jatan lande, a duba da kyau kafin a ce an yi asara. Ɓawon saɓa fari ne garai-garai, fanko, a tsage ta baya, kuma barinsa ake yi su cinye. Mushe kuwa cike yake da tsoka, launinsa ya koma kamar na dafaffe.

Abu biyu ke ƙarar da su gaba ɗaya a dare ɗaya. Na farko tagulla, wadda ke cikin wasu magungunan kifi. Na biyu maganin ƙwari, kuma wannan ne babban haɗari a gidajenmu: maganin sauro na kunnawa, na feshi, fiya-fiya, har da bokitin da aka wanke gidan sauro mai magani a ciki. Jatan lande dangin ƙwari ne na kusa, abin da ke kashe sauro shi ma yana kashe shi. Ba za a daina kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro saboda akwati ba. Akwatin ake kaiwa ɗakin da ba a feshi.

Ruwan Zinder

Garin yana zaune a kan dutse, ruwan pamponsa daga rijiyoyin da ke wajen gari ake jawo shi, irin na Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Lokacin ƙamfa gida yakan sha na pampo yau, gobe na mai ga-ruwa, jibi na rijiya, kuma ba ɗaya suke ba a wajen jatan lande. Dabarar ita ce a ware tulu ko randa ɗaya, irin na Mirriya, a riƙa tara ruwan akwati a ciki. Kwana ɗaya ko biyu a buɗe ya isa sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan pampo ya fice, ga shi randa tana sanyaya ruwa. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin gona ba ya wankuwa.

Sai an shirya akwatin tun kafin a yi oda. Ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a matatar ruwa. Wanda ya cika akwati ranar da kwali ya iso ya fitar da kifi daga dafin leda ne ya sa shi a wani dafin da zai taru cikin mako. Injin hura iska cikin ruwa mai batir ko mai sola wajibi ne saboda ɗaukewar kuran. Fanka da ke kaɗa saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwan da ya tashi yana barin gishirinsa a baya.

Asara da yadda ake ɗaukarta

Lokacin da dabba ta mutu yana nuna abin da ya kashe ta. Wadda ta iso matacciya, hanya ce: zafi, jinkiri, fashewar leda ko cunkoso. Wadda ta mutu cikin kwana biyu ko uku na farko, galabaitar tafiya ce ko sabarwar da ba ta yi daidai ba. Wadda ta mutu bayan mako ɗaya ko biyu, a tuhumi ruwan akwati ko cuta, musamman ta fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikin kifi, wadda ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis ke haddasawa. Saboda ita ake keɓe baƙon kifi mako biyu zuwa huɗu a akwatinsa daban kafin a haɗa shi da ƴan gida.

Maganar kuɗi tun kafin biya ake gama ta. A tambayi mai sayarwa kai tsaye: Malam, in sun iso a mace, asarar wa? A al'adar wannan ciniki, ana ɗaukar hoto ko bidiyon mushe yana cikin leda a ɗaure, a tura cikin awa ɗaya ko biyu da karɓa, mai sayarwa ya mayar da kuɗin dabbar ko ya aiko wata. Kuɗin mota ba a cika mayarwa ba. Da yawa kuma sukan ƙara ɗaya ko biyu gyara, don cike giɓin hanya. Sai dai ɗaukar hoton kada ya wuce minti ɗaya, domin masu rai suna cikin ruwa ɗaya da mushen.

Ko an biya diyya, rai ne ya tafi, kuma haƙƙinsa yana wuyan wanda ya sa aka ɗauko shi daga nesa. Shi ya sa rabin kulawar tana cikin zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, muddin an naɗe kwalin saboda sanyin asuba na hunturu da ke sauka kusan digiri 15, sai kuma tsakiyar damina. A zaɓi motar da za ta iso da safe, a karɓi lambar direba, a je tasha kafin ta shigo. Oda ta farko ta zama ƙarama.

Mushe ana binne shi ne ko a ƙulle shi a leda a kai shara, ba a barin sauran su ci. Masu rai da aka gaji da su kuwa kyautar da su ake yi. Ba a sakin su a tafki irin na Gidimuni ko kududdufan gari, domin gupi mai saurin haihuwa ne, kuma a ƙasashe da dama inda aka sake shi ya takura wa ƙananan kifayen wurin.