Allurar murar tsuntsaye: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikina duba lafiyar kaji ne, kuma mafi yawan waɗanda nake zuwa wa 'yan'uwanmu ne masu kiwo da masu sayarwa tsakanin Agege, Mile 12 da Ikorodu a Legas. Da an shiga watan Disamba, motocin kaji da zabbi suka fara saukowa daga Arewa, sai wayata ta hana ni barci, tambayoyin kuwa ba sa sauyawa. Na tara su a nan. Wanda ya sake kira na a kansu, nan zan turo shi.

A ina zan samu allurar, Malam?

Ba a wurina ba. Tun da cutar ta ɓulla a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna a farkon 2006, matakin da gwamnatin tarayya ta ɗauka shi ne a kashe kajin da suka kamu, a binne, a yi feshi, ba a amince da yi musu rigakafi ba. Kwalbar da ake miƙo maka daga ƙarƙashin kanta ta ɓarauniyar hanya ta shigo.

Idan kaza ta kamu, allurar za ta warkar da ita?

A'a. Rigakafi ce, ba magani ba.

Na ba su Lasota, ai shi ke nan ko?

Lasota rigakafin cutar Niyukasul ce. Alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye, amma ƙwayoyin cutar daban suke, garkuwar ɗaya ba ta tare ɗayar. Ka ci gaba da ba su Lasota a kan lokaci, ka daina ɗora mata aikin da ba nata ba.

Kwana nawa allurar murar take ɗauka kafin ta kama jiki?

Mako biyu zuwa uku. Yawancin allurar matacciyar ƙwayar cuta ce da aka dama da mai, a tsira a ƙarƙashin fatar wuya ko a tsokar ƙirji, kaza ɗaya bayan ɗaya. Jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙera garkuwa, kuma sai an ƙara ta biyu bayan mako uku ko huɗu take yin ƙarfi. To ka lissafa da kanka: kazar nama da za ka sayar tana da mako shida ko bakwai, yaushe garkuwar za ta amfane ta? Wanda kuma ya jira sai kajin maƙwabcinsa sun fara zubewa sannan ya ɗauko sirinji, ya makara. Ƙarin abin takaici, masu yawon yin allurar daga gona zuwa gona da takalmi ɗaya da riga ɗaya, su ne suke iya kawo maka cutar har cikin keji.

An riga an yi musu, sun yi laƙwas, ƙwai ya ragu. Sun kamu ne?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Rage cin abinci na kwana ɗaya ko biyu, da ɗan ƙullutu a inda aka soka, da raguwar ƙwai na 'yan kwanaki, duk ana ganinsu bayan allura mai mai, ga kuma wahalar kamu da aka yi musu. A ba su ruwa mai tsabta a bar su su huta. Abin tsoro shi ne ki wayi gari ki tarar da gawarwaki birjik, kai ya kumbura, zanko da leɓe sun koma shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar an goga musu jini. Wannan ba aikin allura ba ne.

Na sayi kaji masu shirin fara ƙwai guda 200, mai gonar ya rantse an yi musu allurar. In haɗa su da nawa?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, Alhaji, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Abu na farko, rantsuwarsa tana iya zama gaskiya kuma kajin ba su da wata garkuwa. Allurar tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, ba a barinta ta daskare, ba a barinta ta yi zafi. Na taɓa ganin irin wannan kwalba a wata gona a gefen Ikorodu, mai ya rabu da ruwa ya hau sama, yaron gona yana girgiza ta kamar kunun zaƙi yana zuƙa da sirinji. Wannan ba abin da za ta yi. Ko da kuwa lafiyayya ce, dole ƙwayar da ke cikinta ta yi kusa da wadda ke yawo a gari. Cutar tana sauya kama. Nau'in H5N1 muka fara gani, daga baya aka samu H5N8, akwai kuma H9N2 mai sauƙi wadda ita ma ake yi wa tata allura. Wacce aka tsira wa kajinka? Shi kansa mai gonar sau da yawa sunan kawai ya ji. Sannan idan tun suna 'yan tsaki ƙanana aka yi musu, kuma uwayensu ma an yi musu, garkuwar da suka gado ta cikin ƙwai tana iya dakushe allurar. Kazar da cutar Gumboro ta taɓa bugewa, ko wadda aka ciyar da masara da ƙuli-ƙuli masu fumfuna, jikinta ba ya amsawa yadda ya kamata. A damshin Legas kuwa buhun abinci ba ya daɗewa bai yi fumfuna ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna. A ce allurar ta kama rabi da rabi. Kazar za ta iya ɗaukar cutar, ba ta mutu ba, ba ta ma nuna komai ba, tana ci tana sha, amma tana fitar da ƙwayar a kashinta da majinarta. Allura mai kyau tana rage yawan abin da take fitarwa sosai, amma ba a ba da tabbacin ta tsayar da shi baki ɗaya. Kajinka na gida da ba a taɓa yi musu ba, su ne za su zube cikin kwana biyu ko uku, baƙin suna tsaye garau, kai kuma ka shiga zargin abinci ko maƙiya.

Saboda haka ni ba zan haɗa su ba. Ware su mako uku a wani wuri na daban, ba bayan labulen buhu ba, da mazubin abincinsu da na ruwansu da takalmin shiga wurinsu, kuma su ne na ƙarshe da za a je wa kullum. Wasu masu gona suna saka kaji biyar ko goma marasa allura a cikinsu su zama 'yan gadi, idan akwai ɓoyayyiyar cuta su za su fara nunawa. Dabara ce mai kyau, amma lafiyar 'yan gadin ba hujja ce cikakkiya ba, musamman idan cuɗanyarsu da baƙin ba ta yi yawa ba. Gwajin jini yana nuna ko akwai garkuwa, sai dai ba kullum yake bambance ta allura da ta kamuwa ba. Abin da ya fi tabbas shi ne likitan dabbobi ya shafo maƙogwaro da dubura a tura ɗakin gwaji. Idan ba ka da wurin warewa, ba ka da kuɗin gwaji, gara ka fasa cinikin. In kuma sun riga sun shiga cikin naka, kada kaza ko kiret ɗin ƙwai ya fita daga gonar har mako ukun ya cika, ka riƙa ƙirga matattu kowace safiya kana rubutawa.

To me ya sa wasu ƙasashe suke yi?

Suna yi. Sin da Indonesiya da Biyetnam da Masar sun daɗe a kai, Faransa ma ta fara yi wa agwaginta a watan Oktoba na 2023. Inda abin ya yi amfani, ana bin sa da gwaji ba ƙaƙƙautawa, ana sauya allurar idan ƙwayar ta sauya. Masar ta fara tun 2006, amma cutar ta zauna mata daram. Mu da ake yi a ɓoye ba rubutu ba gwaji, wa zai bi sawu?

Sirinjin ya soki yatsan yarona.

Asibiti yanzu, ka tafi da kwalbar. Man da ke ciki yana kumbura yatsa har ya kashe nama. Kada a jira safiya, kada a tsaya shafa man zafi.

Ana cin naman kazar da aka yi wa allura? Ƙwan fa?

Ana ci, in dai lafiyayya ce, an kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin yanka, kuma an dafa ya nuna har ciki. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar.

Sun fara mutuwa. In yanka sauran in kai kasuwa kafin in yi asara?

Haba, ɗan'uwa. Ka san su wa za su fige su? Yaranmu ne da ke tsugune a bakin tukunyar ruwan zafi tun asuba, hannu ba safa, suna shaƙar ƙurar gashi. A nan Legas aka tabbatar da mutuwar wata mata 'yar shekara 22 da wannan cuta a farkon 2007, kuma da cutar ta dawo a watan Janairun 2015, a Kano da Legas aka fara ganinta. Keji ɗaya mai cuta ya isa ya shafi layin masu kaji gaba ɗaya, da mai agwagi da mai zabbi da mai talo-talo. Ka rufe gonar, ka hana yara shiga, kada ka jefa gawa a kwata ko ka bai wa kare. Kira ofishin likitocin dabbobi na jiha, su za su ɗauki samfur su tura cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato. Kafin su iso, ka ɗauki hoton matattun, ka rubuta adadin da ka fara da shi da wanda ya rage, domin idan maganar diyya ta taso, kajin da jami'ai suka ƙirga suka kashe da hannunsu ake dubawa, ba waɗanda ka binne da dare ba.