Dakashi ba gurɓataccen nono ba ne

A ƙauyukan Zamfara, har ma cikin Gusau, kaka kan ce wa mai jego: "Ke 'yar nan, tatse wannan ki zubar, nonon bai gyaru ba tukuna." Sai a yi kwana biyu ko uku ana ɗura wa jariri ruwa, zuma ko nonon akuya.

Kalar dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, ce ke tsorata mutane: rawaya, mai kauri, yana danƙo a yatsa. Amma kaurin nan sinadaran garkuwar jiki ne da uwa ke miƙa wa ɗanta, masu kare hanjinsa daga gudawa. Yana kuma fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage ciwon shawara.

Wai ya yi kaɗan? Cikin jariri ranar haihuwa cokalin shayi ɗaya zuwa biyu yake ɗauka a lokaci ɗaya, ba ƙoƙo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa shi a nono cikin awa 1 da haihuwa. Zuma kuwa haɗari ce kafin shekara 1.

Bakwaini ya fi kowa buƙatar dakashi. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, ma'aikaciyar jinya ta nuna yadda za a ba shi.