Ɗaukar hoton mota da waya ko kyamara: tambayoyi da amsoshi kan haske, tsayuwa da gyaran hoto

Masu waɗannan tambayoyi kashi biyu ne. Akwai mai son sayar da motarsa a Facebook ko Jiji, akwai kuma matashin da sha'awar abin kawai take damunsa. Duka biyun kukansu ɗaya ne: mota tana tsaye tana sheƙi, an ɗauka, a waya kuma ta fito kamar wadda ta kwana a hanya.

Me ya sa motar ba ta fitowa yadda ido ke ganinta?

Saboda fenti da gilashi madubi ne. Idon mutum yana ganin mota ya manta da abin da ke cikin fentin, kyamara kuwa komai ta tarar sai ta kwasa: falwayar lantarki, wayoyin da ke rataye, kwanon rufin maƙwabta, babur ɗin da aka jingine, har da kai mai ɗaukar hoton. Kafin ka taɓa waya, zagaya motar sau ɗaya kana kallon ƙofofi da bonet, ka ga me ke ciki. Abin da ake so ya bayyana a jikin mota shi ne sararin sama daga sama, ƙasa mai duhu daga ƙasa, da layi guda miƙaƙƙe a tsakaninsu. Wannan layin ne ke nuna surar bodi. A fili ake samunsa, inda babu gini kusa-kusa. Ka kuma sa tufafi masu duhu, domin farar shadda tana fitowa ɓaro-ɓaro a ƙofar baƙar mota ko daga mita 5 ne.

Gindin darbejiya yana yaudarar mutane da yawa. Inuwa ce mai daɗin zama, amma hasken da ke ratsa ganye yana zuba ɗigo-ɗigo a kan bonet kamar fentin ya yi kyasfi, kuma farar mota tana ɗaukar kore-kore. Inuwar dogon gini, wadda take shimfiɗe bai ɗaya, ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Minti 30 zuwa 40 bayan fitowar rana, ko irin wannan kafin faɗuwarta. A lokacin rana tana ƙasa, haskenta yana zuwa daga gefe, yana bin lanƙwasar bodi yana fito da ita. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana bisa kai: rufi da bonet su ƙone fari fat, tayoyi da ƙasan bamba su nutse cikin baƙi. A Kano ko Zinder rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa kamar a Turai, don haka a wanke mota a ajiye ta a wurin tun bayan La'asar. Akwai wani haske mai laushi na kamar minti 20 bayan rana ta faɗi, wanda fitilun mota ke yin kyau a cikinsa, sai dai ya zo daidai da Magariba. Irinsa yana nan da safe bayan Asuba kafin rana ta fito, ga titi babu kowa. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa, ko da tsakar rana ana iya aiki.

A ina zan tsaya, kuma a wane tsayi?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya dab da mota, a ɗaga waya daidai fuska. Babbar kyamarar waya faɗi gare ta, kwatankwacin lens (gilashin bakin kyamara) mai milimita 24 zuwa 26. Idan ka matso da ita kusa, abin da ke gabanta ya kumbura, na nesa ya tsuke: hancin Corolla ya zama ƙato, bayanta ya zama ɗan mitsitsi, taya ta koma kamar ƙwai. Kyamarar wayar da aka rubuta wa 0.5 ta fi ɓarna. Ja baya mita 6 zuwa 8, ka danna 2x ko 3x. Idan wayar ba ta da lens na biyu, kada ka wuce 2x, domin daga nan yanka hoton kawai take yi tana hura shi. Mai kyamara ya yi amfani da lens mai milimita 50 zuwa 85.

Sannan ka durƙusa. Kyamara ta zo daidai fitilar gaba, wato tsakanin gwiwa da ƙugu. Daga nan mota take fitowa da kwarjini, rufinta ya shiga sama, tarkacen da ke bayanta ya ɓuya. Tsayuwar da aka fi so ita ce ta kusurwa, inda ake ganin gaba da gefe guda a lokaci ɗaya. A murɗa sitiyari yadda fuskar rim za ta kalli kyamara; idan aka juya ta ɗaya ɓangaren, baƙar robar taya kawai za a gani. A duba kada falwaya ko bishiya ta tsiro daga rufin motar. Taki ɗaya zuwa hagu ko dama yana raba su.

Ƙurar hunturu fa?

Hazo yana tausasa rana, wannan alheri ne, amma yana wanke launi ya bar hoto ruwan ƙasa-ƙasa, sama kuma ta zama fara. Ƙura tana sauka kan baƙin fenti tun kafin a gama shanya shi. Kada a goge ta da busasshen tsumma: yashi ne ƙanana, yana barin zane-zane masu zagaye waɗanda rana ke tonawa. A fesa ruwa kaɗan, a bi da tawul mai laushi irin na maikirofaiba. Gilashin kyamarar wayar ma a goge shi, domin maiƙon yatsa ne ke sa fitilu su yi jela a hoto. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: jar ƙasa tana mayar da ja a ƙasan ƙofofin farar mota ko mai ruwan azurfa, har ta yi kama da tsatsa. Kwalta ko siminti ya fi.

Baƙar mota da farar mota, ɗaukarsu ɗaya ce?

A'a. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Idan baƙar mota ta cika hoto sai ya ƙara haske, ta koma toka-toka, sama ta ƙone. Idan fara ce sai ya rage, ta fito kamar ba a wanke ta ba. A waya, taɓa jikin motar a allo, ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar rana: ƙasa kaɗan ga baƙa, sama kaɗan ga fara. A kyamara a saita ƙarin haske ko raginsa a kamar -0.7 ga baƙa, +0.7 ga fara. Sai dai farar da ke cikin tsananin rana a yi hattara da ita, domin wurin da ya ƙone fari babu gyaran da zai dawo da shi, alhali duhu ana iya ɗaga shi. Ga mota a tsaye, ISO 100 (ƙarfin jin haske) da f/8 (buɗewar lens) sun isa, saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa idan da hannu ake riƙe da kyamarar. Filasha a kashe ta. Ɗigon fari kawai take bari a fenti, ta kuma haska lamba har ta makantar da hoton.

Wace filta ce ke cire ƙyallin gilashi?

Sunanta CPL. Gilashi ne mai duhu-duhu da ake ɗaurawa a bakin lens, akwai kuma mai maƙalewa a waya. Ana murza ta a hankali ana kallon allo, sai a ga farin sama ya janye daga gilashin gaba, kujeru da sitiyari sun bayyana, launin fenti ya yi zurfi. Idan mutum zai sayi kaya ɗaya tak don hoton mota, ita ce. Tana da iyaka. Ta fi aiki idan an tsaya a karkace, gaba da gaba kuwa kusan ba ta yin komai. Ba ta taɓa ƙyallin ƙarfe tsirara kamar kurom. Tana cin haske, don haka bayan rana ta faɗi a cire ta. Murzawar da ta share gilashin gaba ba ita ce za ta share ƙofofi ba, dole a zaɓi ɗaya, ko a kafa kyamara a kan ƙafarta a ɗauki biyu a haɗe su daga baya. A gilashin gefe, musamman mai tintek, wani lokaci tana fito da tabo masu launin bakan gizo. A sassauta murzawar kaɗan.

Mota tana tafiya, ta yaya ake sa bayanta ya yi gudu ita ta tsaya tsaf?

A saita saurin ɗauka a 1/60, direba ya wuce da kamar kilomita 40 a awa, kai kana gefen titi nesa da kwalta. Ka kafa ƙafafu, ka bi motar da juya ƙugu tun daga nesa, ka danna tana gabanka ba tare da ka tsaya da juyawar ba. A hoto goma, biyu ko uku ne za su yi kyau. Hannu ya saba, a sauka zuwa 1/30. Leƙowa ta tagar wata mota tana gudu don a ɗauki hoto ganganci ne a titin da kowa ke bi. Haka kuma a nisanci bariki, shingen jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati.

RAW ko JPEG?

JPEG hoto ne da waya ta riga ta dafa: matakin haske 256 ne a kowane launi. RAW ɗanye ne, yana riƙe da 4,096 ko 16,384, shi ya sa ake iya janyo sama da ta kusa ƙonewa ko a gyara launin hazo ba tare da hoton ya farfashe ba. Wayoyin iPhone samfurin Pro suna da shi tun daga 12 Pro na 2020, hoto ɗaya kamar megabait 25 ko fiye. Wasu wayoyin Android suna ajiye shi a yanayin Pro da sunan DNG. Mai sayar da mota JPEG ya ishe shi. Mai son ya zauna ya yi gyara, RAW zai nema.

Ta ina ake fara gyara?

A manhajojin gyaran hoto, Snapseed kyauta ne, Lightroom na waya ma yawancin kayan aikinsa kyauta ne. Jerin aikin yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana canja na bayansa. A fara da daidaita hoton ya tsaya cak, a yanke gefe, a bar wa motar sarari a gabanta fiye da bayanta. Sai launin haske: a nemi wani abu da aka san fari ne ko toka, kamar kwalta, a ja Temperature (ɗumi ko sanyin launi) har ya koma launinsa. Hoton hunturu yakan so a ɗan sanyaya shi. Daga nan a rage Highlights (wurare masu haske) har gajimare da layin bonet su dawo, a ɗaga Shadows (wurare masu duhu) har zanen taya da ragar gaba su fito, a tsaya nan. In aka wuce, baƙar mota ta zama toka, tsaki-tsaki ya cika inuwa.

Inda aka fi yin ɓarna wuri uku ne. Saturation (ƙarfin launi): jan fenti shi ke fara toshewa, ya zama faci guda babu lanƙwasa. Clarity ko Structure (ƙarin kaifi): idan ya yi yawa, wani farin zobe yana kewaye rufin mota, fenti mai santsi ya yi kaushi kamar an yayyafa masa yashi. Dehaze: 10 zuwa 15 yana yanke hazo, 50 yana mayar da sama baƙa-baƙa. Gara a zaɓi rim da fitilu da ragar gaba kaɗai a ƙara musu kaifi da burushi, a bar fenti yadda yake. Healing na ƙarshe ne, don goge leda a ƙasa, tabon mai a siminti ko wayar lantarki a sama. An gama, a ajiye wayar minti 10, a dawo a kwatanta da na asali. Ido yana sabawa da wuce gona da iri cikin sauri.

Ya halatta a goge lotsawa ko ƙwarzane a hoto?

Ya danganta da abin da hoton zai yi. Na sha'awa ne, wanda za a rataye ko a nuna wa abokai, a goge abin da aka ga dama, a canja sama ma. Na talla kuwa, duk abin da ke jikin motar ba a taɓa shi: lotsawa, tsatsa, fashewar gilashi, ƙofar da fentinta ya bambanta da na 'yan uwanta, fitilar gargaɗi a dashbod. Ɓoye aibin haja algus ne, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kansa sananne ne: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai saye da ya taso daga Kaduna zuwa Kano saboda hoto, ya tarar da wata mota daban, ya yi asarar kuɗin tafiya da yininsa. Ko launi ma amana ne; kada shuɗi mai duhu ya koma baƙi a gyara. A ɗauki aibin daga kusa, a sa tsabar kuɗi ko ɗan makulli a gefensa don a san girmansa. A haɗa da gefe huɗu, kujerun gaba da baya, but, cikin injin, zanen tayoyi, da mitar dashbod injin yana kunne. Na ciki a ɗauke shi a inuwa, ƙofofi a buɗe, sitiyari a miƙe, an kwashe caja da robar ruwa.

Me ya sa hoton ke lalacewa idan an tura?

WhatsApp yana matse hoto don ya rage data, kuma santsin fenti da sama su ne suka fi nuna matsin. A zaɓi HD, ko a tura shi a matsayin Document. Sai dai hoton da aka tura ta wannan hanya ta biyu yana tafiya da duk bayanan da ke cikinsa, har da wurin da aka ɗauke shi idan an bar kyamara tana rubuta wuri. Wanda ya ɗauki mota a ƙofar gidansa ya kashe wannan a saitin kyamara tukuna, ya kuma rufe lambar motar kafin ya sa a intanet. Don Instagram, a fitar da shi a tsaye, 1080 a faɗi, 1350 a tsawo, daga ainihin hoton, ba daga wanda ya riga ya bi ta WhatsApp ba.